Kundin aiki: sabunta teburan Postfix ba tare da reload ba

Litinin, 4 ga Maris 2024

Sabar imel ɗin kamfanin jigilar kayan da nake wa aiki a nan Garwa tana kan Debian 12, Postfix 3.7 ne ke karɓar saƙo da aikawa, Dovecot kuma ke riƙe da akwatunan. Akwatuna ɗari da arba'in da 'yan kai ne, na babban ofis da na rassan Marwa, Ngaundere da Kuseri. Ba wata babbar saba ba ce, amma takardun kwastan da na masu kaya, tun daga Duwala har Njamena, ta cikinta suke bi. In takarda ta makara, mota ce za ta kwana a bakin gadar Ngeli da direba da yaran mota.

Na gaji wani sikirif, wato jerin umarnin da kwamfuta ke bi da kanta, daga wanda ya riƙe aikin kafin ni. Kowane minti goma cron, manhajar da ke tayar da aiki in lokacinsa ya cika, yana tayar da shi, ya ɗauko jerin ma'aikata daga wani fayil da Hajiya ta ofishin ma'aikata ke gyarawa a kwamfutar ajiya, ya rubuta teburan da Postfix ke dubawa, wato vmailbox na akwatuna, virtual na juya adireshi da transport na hanyar saƙo, ya bi su da postmap, mai mayar da rubutu fayil ɗin da Postfix ke karantawa, sannan ya rufe da postfix reload, umarnin da ke sa Postfix ya sake karanta saitinsa. Ko an canja wani abu, ko ba a canja ba, sai ya yi. Sau 144 ke nan cikin awa 24.

Abin da na sa a gaba shi ne in cire wannan reload ɗin, da sharaɗin duk adireshin da Hajiya ta ƙara ya soma aiki cikin 'yan mintuna kamar yadda aka saba. Babban dalilina shi ne muddin cron na bugun reload a kai a kai, ba ni da damar taɓa main.cf ko master.cf, fayilolin saitin Postfix, cikin natsuwa. Da na adana gyaran da ban gama ba, agogo na cika, saba za ta ɗauke shi da rabinsa. Bayan wannan, log ya cika da layukan tashi da kwanciya har abin da mutum ke nema ya ɓace a ciki.

Yau ƙidaya kawai na yi da postconf -n. Muna da tebura iri uku: irin hash guda huɗu in aka haɗa da aliases, da irin pcre ɗaya na header_checks, wato dokokin tace saƙo ta bayanan kansa, da irin cidr ɗaya na postscreen, mai tace masu buɗe haɗi da saba tun daga bakin ƙofa.

Laraba, 6 ga Maris

Ba zan yi gwaji a kan sabar da ake aiki da ita ba. Na zaƙulo wata tsohuwar kwamfuta a sito, diskinta ya mutu, na sayo mata SSD mai giga 240 a kan sefa 22,000, na sa mata Debian iri ɗaya, na kwafo saitin.

Kafin gwaji na zauna da DATABASE_README, takardar da ke zuwa tare da Postfix ɗin kansa, don amsar tana rataye ne da yadda aka gina manhajar. Wietse Venema, da ya fitar da Postfix a 1998 yana aiki a IBM, bai yi shi dunƙule ɗaya ba. Akwai master a sama, shi ke tayar da ƙananan manhajoji, kowace da aikinta. Zan riƙa kiran su hadimai. smtpd ke karɓar saƙo a bakin ƙofa, cleanup ya gyara adireshi ya sa saƙon a sahu, trivial-rewrite ya faɗi inda saƙon ya nufa, qmgr ya raba aiki, smtp ya kai. Mafi yawansu ba sa daɗewa a raye. In hadimi ya zauna daƙiƙa 100 babu aiki sai ya fita, in ya saurari masu zuwa 100 ma sai ya fita, master ya tayar da sabo. Su ne max_idle da max_use.

Daga nan takardar ta kasa tebura uku. Waɗanda ke zaune a wata saba, irin LDAP ko SQL, ba su buƙatar komai, don kowace tambaya can ake kai ta. Waɗanda postmap ke ginawa, irin hash da btree, su ma ba su buƙatar reload, saboda hadimin yana duba fayil ɗin kafin ya karɓi aiki na gaba, in ya ga ya canja sai ya fita da kansa. Kaso na uku shi ne regexp, pcre, cidr da texthash, waɗanda hadimi ke karantawa gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwa lokacin da ya tashi, ba ya sake waiwayarsu. Waɗannan sai an san wa ke karanta su, mai gajeren rai ne ko mai dogo.

Na gwada hash ɗin. Na ƙara adireshi a vmailbox, na yi postmap, na turo saƙo daga wata kwamfutar. Ya shiga. A log ga layin nan da ke ƙarewa da "has changed -- restarting", daga smtpd, sannan sabon smtpd da wata lamba. Hadimin da abin ya shafa ne kaɗai ya fita, qmgr ko motsi bai yi ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Na maimaita gwajin a kan virtual da transport, sakamako ɗaya. aliases ma haka, sai dai shi newaliases ake yi masa. An ɗauke wuta tun kafin masallaci, na tashi.

Litinin, 11 ga Maris

An kama azumi. Zafin bana ya soma da ƙarfi, ɗakin saba da rana ba ya zaunuwa, don haka na mayar da aikin gwaji zuwa sassafe.

Yau kaso na uku. header_checks ɗinmu cleanup ke karanta shi, cleanup kuwa mai gajeren rai ne. Na ƙara doka, na turo saƙo nan take, bai kama ba. Na bar injin ya huta kamar minti biyu, na sake turowa, ya kama. A sabar gaskiya, inda tsofaffi da sababbin hadimai ke aiki tare, za a sami ɗan lokacin da wani saƙo zai bi sabuwar doka wani ya bi tsohuwa. Ga dokar tace shara wannan bai dame ni ba.

cidr ɗin postscreen kam wani labari ne. postscreen yana iya yin sa'o'i bai fita ba muddin ana ƙwanƙwasa ƙofa ta 25, wadda imel ke shigowa ta cikinta, kuma 'yan sharar intanet ba sa barci. A injin gwaji na sa wani abu yana ta buɗe haɗi ba ƙaƙƙautawa, na gyara fayil ɗin, na jira har rana ta ɗaga, bai ɗauka ba. Wannan tebur ɗin na ware shi gefe.

Alhamis, 14 ga Maris

Tun da hantsi intanet ta soma jan ƙafa, kafin azahar ko shafi ɗaya da ƙyar yake buɗewa. Daga baya labari ya zo cewa igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu ne suka lalace a gaɓar Kodebuwa, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, abin ya taɓa ƙasashe da dama na yammaci da tsakiyar Afirka, har da mu a Kamaru. Saƙonnin cikin gida suna tafiya, na waje kuwa sun taru a sahu. Jerin sahun da postqueue -p ke nunawa sai tsawo yake ƙarawa, duk da "Connection timed out".

Da na zauna ina kallon log a wannan hali na ga abin da reload ke yi wa qmgr da idona. qmgr hadimi ne mai dogon rai, kuma abin da ya sani a ƙwaƙwalwarsa yake, ba a diski ba. Ya san wace saba ce ba ta amsawa, ya jingine ta zuwa wani lokaci. Ya san wadda ke amsawa da kyau, ya ƙara mata yawan saƙon da ake kai mata a tare, daga 5 da ake farawa har zuwa 20. Da an yi reload sai ya fita, sabon ya zo bai san komai ba, ya kwashe duk abin da ke cikin active, sahun da ake kan aikawa, ya mayar incoming, sahun sababbin shiga, ya soma tsara su daga farko. Sai ka ga hadiman smtp sun sake zuwa sun tsaya a ƙofar da aka riga aka san a rufe take, kowanne yana cinye daƙiƙa 30 ɗinsa kafin ya haƙura. Tamkar a ce duk sanda aka canja farashin gishiri sai an tashi 'yan kasuwa kaf daga rumfunansu an sake zaunar da su.

A faɗi gaskiya, reload ba ya yanke haɗin da ake cikinsa, hadimi yana gama abin da ke hannunsa kafin ya fita, kuma ba shi ya hana saƙo fita yau ba, igiyar teku ce. Amma a ranar da hanya ta ƙuntata haka, ba na son komai ya riƙa goge wa qmgr abin da ya koya. Tunda gwajin hash ya riga ya gamsar da ni, na sa alamar # a gaban layin reload a sikirif ɗin sabar gaskiya da misalin ƙarfe biyu. Na kuma hana kowa buga postqueue -f, don tilasta wa sahu tashi alhali hanya a toshe take ba ya ƙara komai sai cunkoso. Saƙo yana da kwana biyar a sahu kafin Postfix ya mayar da shi ga mai shi, ba gaggawa.

Alhaji manaja ya leƙo ana gab da la'asar, ya ce, "Malam, takardun Duwala fa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, suna nan a ajiye, babu wadda ta ɓata, hanya ce kawai." Ya ba da sefa 10,000 aka sa wa modem ɗin wani layin data, da shi muka tura masu gaggawa ta waya.

Asabar, 16 ga Maris

Sahu ya ragu sosai, ko da yake hanyar waje ba ta koma daidai ba. Hajiya ta ƙara sababbin direbobi biyu jiya, adireshinsu ya yi aiki ba tare da reload ba.

Talata, 19 ga Maris

Yau an sha wuya. An ɗauke wuta da safe, kafin a tayar da janareta UPS ɗin ya saki komai, ashe batiransa sun gama aiki, zafi ya cinye su. Da wuta ta dawo sabar imel ta tashi da wuri, kwamfutar ajiya kuwa ta tsaya tana duba diskinta. Cikin wannan tazarar cron ya cika. Sikirif ya je ɗauko jerin ma'aikata bai same shi ba, bai kuma tsaya ba, ya rubuta vmailbox babu ko layi ɗaya, ya miƙa wa postmap. Shi postmap ba ruwansa, fayil marar komai ma fayil ne, ya gina tebur lafiyayye wanda ba kowa a ciki. smtpd ya ga tebur ya canja, ya fita, sabo ya tashi, ya soma amsa wa duk mai kawo saƙo da "550 5.1.1" da "User unknown in virtual mailbox table".

A nan ne bambancin lamba 4 da lamba 5 yake cizo. Da tebur ɗin lalacewa ya yi har ya ƙi karantuwa, abin da mai aikowa zai samu kuskure ne na wucin gadi, sabarsa ta riƙe saƙon ta sake gwadawa an jima. Amma 550 na nufin babu wannan mutumin a nan, kada ka dawo. Sabar can ba za ta sake gwadawa ba, za ta mayar wa mai saƙo abinsa. Zagaye biyu na cron aka yi a haka kafin kwamfutar ajiya ta dawo tebur ya cika da kansa. Na bi log na tsamo saƙonni goma sha bakwai na gaskiya da aka kora, ban da shara. Uku daga wakilin kamfani ne a tashar jiragen ruwa ta Duwala. Sauran yinin a waya na yi shi, ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su sake turowa.

Wani abokin aiki ya ce ai tun da aka cire reload ɗin nan ne abu ya lalace. Na nuna masa cewa da reload ɗin na nan ma tebur ɗin fanko ne za a ɗauka, wataƙila ma da sauri. Amma maganarsa ta sa na gane cewa tambayar da na fara da ita ƙarama ce. Ni ina ta auna yadda Postfix zai ga sabon tebur da wuri, alhali ya iya wannan tun asali. Abin da ba ya yi, kuma ba aikinsa ba ne, shi ne tantance ko abin da aka ba shi ya cancanci a ɗauka. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, musamman a irin wannan watan da ruwan madatsar Lagdo ke ja baya, aikin ya koma kan yadda ake gina tebur da yadda ake ɗora shi.

Na sayo batira biyu masu volt 12, sefa 14,000 kowanne. Na dakatar da cron ɗin gaba ɗaya, kafin in gama sabon sikirif da hannu zan riƙa sabuntawa.

Alhamis, 21 ga Maris

Na fara da wani gwaji a injin sito. postmap na hash yana rubutu ne a kan tsohon fayil ɗin .db kai tsaye. Na cika diskin da gangan, na yi postmap, ya mutu a tsakiya, tsohon tebur ya tafi, sabon bai kammala ba. Takardar Postfix ta yi gargaɗi a kan wannan, ta kuma ba da magani, a gina da wani suna, in an yi nasara a sauya suna. Wato postmap virtual.in, in ya fita lafiya sai mv virtual.in.db virtual.db. Sauya suna a cikin diski ɗaya abu ne na lokaci guda, mai karatu ko dai ya ga tsohon cikakke ko sabon cikakke. Sharaɗin shi ne fayilolin biyu su zauna a ɓangaren diski ɗaya. A sabarmu /tmp ɓangarensa daban, in aka yi mv daga can kwafi ne ake yi a hankali, kariyar ta tafi. Don haka a cikin /etc/postfix nake ginawa.

Wannan ya magance mutuwa a tsakiya, bai magance tebur fanko ba. Shi na sa masa shinge uku kafin mv. In ba a sami fayil ɗin Hajiya ba, sikirif ya tsaya ya turo mini saƙo. In layukan sabon sun gaza kashi 90 cikin ɗari na tsohon, ya tsaya. Sannan ya tambayi sabon tebur ɗin da postmap -q adireshin postmaster da na Alhaji, in ɗaya bai fito ba ya tsaya. Na ƙara cmp, in rubutun bai bambanta da na baya ba kada ma a gina komai, da flock don kada sikirif biyu su haɗu.

Na kuma mayar da unknown_virtual_mailbox_reject_code zuwa 450 na ɗan lokaci. In wani abu ya sake kuɓucewa kafin tsarin ya zauna, masu aikowa za su jira ne, ba za a kore su ba.

Litinin, 25 ga Maris

Sabon sikirif ya hau sabar gaskiya ranar Juma'a, ya kwana uku lafiya. Yau sai ga wani abu. Mun canja transport don saƙon wani yankinmu na biyu ya bi wata hanya, aka gina tebur, postmap -q ya ba da sabuwar amsa, amma saƙonni suka ci gaba da bin tsohuwar hanya na tsawon mintuna. A log kuma babu layin "has changed".

Ɗalibin da ke koyon aiki a wurina ya ce, "Malam, jiya na ƙara layi ɗaya, don mu riƙa ajiye tsohon tebur ko da za a buƙace shi." Na ce, "Nuna mini, ƙanena." Abin da ya sa shi ne mv transport.db transport.db.jiya kafin a ɗora sabon. Niyyar mai kyau ce, kuma ko ni ban ga illarta ba a kallon farko. Sai da muka buɗe lambar Postfix, a cikin dict.c, muka karanta yadda hadimi ke gane canji.

Ashe ba sunan fayil yake dubawa ba. Fayil ɗin da ya riga ya buɗe yake tambaya, ta fstat, kuma abu biyu yake nema, ko lokacin gyaran ƙarshe ya canja, ko adadin sunayen da fayil ɗin ke da su a diski ya koma sifili. In postmap ya rubuta a kansa, na farko ya cika. In aka ɗora sabon fayil a kan sunansa, tsohon ya rasa suna, na biyu ya cika. Amma in aka sauya wa tsohon suna aka ajiye shi gefe, ba a taɓa cikinsa ba, kuma har yanzu yana da suna ɗaya. A wurin trivial-rewrite babu abin da ya faru, yana riƙe da tebur ɗin jiya yana ba da amsa daga ciki har ransa ya ƙare da kansa. Da ln, mai ƙara wa fayil suna na biyu, ma aka yi ajiyar, haka za a samu.

Muka mayar da layin ya zama cp, wato kwafi, aka gwada, layin log ya dawo. Daga baya ma na cire ajiyar .db ɗin gaba ɗaya, na sa fayilolin rubutu a git, mai ajiye tarihin gyara, tunda daga rubutu ake gina tebur cikin ƙasa da daƙiƙa. Na bar yaron ya rubuta bayanin a saman sikirif da hannunsa, don wanda zai zo bayanmu shi ma zai so ya ajiye na jiya.

Alhamis, 28 ga Maris

Tun da na ga rawar da ake yi da .in da mv nake tunanin barin hash. Berkeley DB, wata manhajar ajiye bayanai, ce a ƙarƙashinsa, kuma tun da Oracle ta mayar da lasisinsa AGPL a 2013, Debian ta tsaya a kan 5.3 ba ta ci gaba ba. Zaɓi biyu ne a gabana, cdb da lmdb, duk suna da kunshinsu a Debian.

lmdb ya shigo Postfix a 2.11. Yana yarda a ƙara ko a cire layi ɗaya ana cikin aiki, mai karatu kuma ba ya ganin rabin gyara. cdb kuwa, wanda Daniel Bernstein ya tsara, Postfix ke amfani da shi tun 2.2, ba a gyara shi ko kaɗan. Kowane lokaci sabon fayil ake ginawa a gefe, in ya kammala postmap da kansa ya sauya masa suna. postmap -i da -d ba sa aiki a kansa. Ni kuwa ban taɓa buƙatarsu ba, kullum daga jerin Hajiya ake gina komai. Na zaɓi cdb, don abin da nake yi da hannu shi ne ɗabi'arsa, kuma fayil ɗin da ba a rubutu a cikinsa bayan an gama shi ya fi kwanta mini a rai a inda wuta ba ta da tabbas. Ma'ajiyar postscreen, da yake Postfix da kansa ke rubutu a ciki, cdb ba zai iya ta ba, na bar ta a btree ɗinta.

Shingayen nan uku suna nan daram. cdb ma in ka ba shi fayil fanko zai gina maka tebur fanko.

Asabar, 30 ga Maris

An sa postfix-cdb, postconf -m ya nuna shi. Na gina teburan, na canja hash zuwa cdb a main.cf bayan an sha ruwa, na yi reload ɗaya da hannu. Lafiya.

Talata, 2 ga Afrilu

Akwai adireshin da reshen Kuseri ke karɓar takardun kaya da shi, virtual yana juya shi zuwa akwatin wakilinmu a wata saba a Njamena. Sabar can ta daina amsawa tun jiya, wakilin ya ba da wani adireshi, Hajiya ta gyara. Sababbin saƙonni suka bi sabon, amma tara da ke cikin deferred, sahun masu jiran a sake gwada su, suka ci gaba da neman tsohon. Reshen suka bugo suna cewa gyaran bai kama ba, a yi reload.

Ko an yi ba zai taɓa su ba. cleanup ne ke duba virtual, sau ɗaya, lokacin da saƙo ke shiga sahu, ya rubuta adireshin ƙarshe a jikin fayil ɗin saƙon. transport ne ake sake tambaya duk sanda qmgr ya ɗauko saƙo don sake gwadawa. Hanyar mayar da saƙo ta hannun cleanup ita ce postsuper -r. A injin gwaji na ga shi kaɗai bai isa ba, don adireshin da ke jikin saƙon yanzu na Njamena ne, ba namu ba, shi za a nema a tebur. Sai na ƙara layi na wucin gadi a virtual mai juya tsohon adireshin wakilin zuwa sabon, na yi postsuper -r da lambar kowane saƙo, ban yi ALL ba. Duk taran suka tafi, na cire layin.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na koma kan cidr ɗin postscreen. Da na duba tarihinsa, ba a fi gyara shi sau ɗaya ko biyu a wata ba. Ba shi da alaƙa da jerin ma'aikata, don haka ba ya cikin cron. Na rubuta masa ɗan umarni daban, a gyara, a gwada da postmap -q da adireshin IP ɗaya da aka sani, a yi postfix check, sannan reload da hannu. Ba na ganin amfanin yin dabara don kauce wa reload a inda ya dace. Na manna takarda a bangon ɗakin saba: master.cf da cidr ɗin postscreen da duk saitin da ya shafi qmgr, reload. inet_protocols, sai an tsayar an tayar. Teburan cdb, kada a yi komai.

Litinin, 8 ga Afrilu

Na mayar da lambar ƙin karɓa 550. Barin ta a 450 yana da nasa cutarwar, wanda ya yi kuskuren harafi a adireshi ba zai sani ba sai bayan kwanaki, sabarsa na ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. Daga yau ba a taɓa komai sai bayan salla.

Litinin, 15 ga Afrilu

An yi salla ranar Laraba lafiya. Na bi log na kwanakin hutu. Daren Juma'a an ɗauke wuta ta daɗe har sababbin batiran suka ƙare, kuma abin 19 ga Maris ya so maimaita kansa, sabar imel ta riga kwamfutar ajiya tashi. Sikirif ya tsaya a shingen farko, ya turo mini saƙo, tsohon tebur ya ci gaba da aiki, ba a kori kowa ba.

Kuɗin da aka kashe zuwa yanzu sefa 60,000 ne: SSD 22,000, batira 28,000, data 10,000.

Ɗalibin ya kawo shawarar mu mayar da jerin cikin MariaDB, rumbun bayanai na SQL, Postfix ya riƙa tambaya kai tsaye. Shawara ce mai ma'ana, in rumbun ya faɗi ma 451 ake bayarwa, ba 550 ba. Na ce a dakata tukuna, don ƙarin abu ne da dole ya tashi kafin saƙo ya shiga, ga akwatuna ɗari da arba'in kacal.

Mataki na gaba shi ne saba ta biyu a ofishin Ngaundere, mai karɓar saƙo in ta Garwa ta faɗi. Dole ta san adireshinmu ta relay_recipient_maps, in ba haka ba za ta karɓi shara da sunayen da babu su. rsync, mai kwafar fayil zuwa wata saba, zai kai mata jerin a rubuce, ta gina cdb ɗinta a can da shingaye iri ɗaya. In ma wata rana aka koma tura tebur ginanne, na rubuta a tsarin cewa ban da --inplace, mai rubutu a kan fayil kai tsaye, ban da --backup, mai sauya wa tsohon suna kamar abin da ya faru ranar 25 ga Maris. Na miƙa wa Alhaji ƙiyasin ƙaramar kwamfuta da UPS, ya ce a kawo masa farashi daga shaguna biyu kafin Alhamis.